Dariya a ɗakin takaba

Aminiyata ce ta fara kawo mini labarin, kuma irin kawowar da ake yi wa labarin rasuwar ɗan uwa ta yi masa. Ƙarshen watan Satumba ne na 2013, ina Damagaram, ita tana Yamai. Ta kira ni da hantsi, ko gaisuwa ba ta bari mun ƙarasa ba, sai cewa ta yi, "Ta kashe shi." Gabana ya faɗi. Na shiga lissafin matan da na sani waɗanda zamansu da mazajensu ya yi tsami. Na ce wa ya kashe wa? Ta ce, "Helen Fielding mana. Ta kashe Mark Darcy."

Na fashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

Wanda bai san waɗannan sunaye ba zai ce mun rasa aikin yi, kuma ba zan yi masa dogon musu ba. Mark Darcy ba mutum ba ne, a cikin littafi yake. Helen Fielding marubuciya ce ƴar Ingila, wadda a 1995 ta fara wani shafi a jaridar The Independent da bakin wata mata da ta ƙirƙira, Bridget Jones, mai shekara talatin da ɗoriya, ba aure, tana zaune ita kaɗai a Landan. Shafin tamkar kundin da mutum ke rubuta sirrinsa ne. Kowace rana da lissafi take buɗewa: nauyin jikinta yau, karan sigari nawa ta zuƙa, giya nawa ta sha, abinci nawa ta ci bayan ta rantse ba za ta ci ba. A 1996 shafin ya zama littafi, a 1999 na biyu ya biyo baya, aka yi musu fim a 2001 da 2004. Ƙashin labarin aro ne daga tsohon littafin Jane Austen na 1813, har sunan Darcy ɗin daga can aka ɗauko shi. Mark lauya ne mai kare haƙƙin ɗan Adam, miskili, maganarsa ba ta da yawa, kallon farko sai ka ce girman kai ne ke ɗawainiya da shi, ashe kunya ce da kirki.

Mu da Faransanci muka karanta. A 2003 ina jami'a a Yamai, ina zaune gidan yayata da ba ta daɗe da aure ba. Wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da Babbar Kasuwa na tsinci na farkon, bangonsa ya rabe, wani ya zubar masa da shayi, na biya abin da bai kai jaka ɗaya ba. Mu uku muka yi ta karɓa-karɓa da shi, ni da Yaya da aminiyata, har sai da muka ɗaure shi da roba.

An sha tambayata me ƴan mata Musulmi uku suka gani a wata Baturiya mai shan sigari da barasa. Abin da muka gani shi ne teburin cin abinci inda ma'aurata suka kewaye ta suna tambayar me ya hana ta aure har yanzu. Wannan teburin mun san shi, sai dai mu a kan tabarma ake yi mana, ranar biki ko suna, wata gwaggo ta riƙe hannunki tana murmushi ta ce, "To ke kuma sai yaushe?" Mun san uwar da duk namijin da ya gifta sai ta auna shi da ƴarta. Sannan ga miyar nan da Bridget ta dafa wa baƙi ta fito shuɗiya, saboda ta ɗaure ganye da zare mai launi. Mun taso da littattafan soyayya na Kano, waɗanda ake kawowa kasuwannin Maraɗi da Damagaram, kuma muna son su har gobe. Amma a yawancin waɗanda suka faɗo hannunmu, yarinyar labarin kyakkyawa ce kamar ita ta yi kanta, girkinta kuwa har maƙwabta sai sun haɗiyi yawu. Bridget ce ta farko da muka gani ta ɓata girki, ta yi kwaɓa a gaban jama'a, aka kuma so ta a haka.

Mijin Yaya ma miskili ne. Zai shigo ya yi sallama, ya amsa gaisuwa da kalma biyu, ya wuce ɗaki da rediyonsa. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya yi ta zagaye cikin dare neman kantin magani da ke buɗe, ya dawo ya ajiye ledar a bakin ƙofa bai ce komai ba. Tun daga nan muka laƙaba masa Darsi. A bayan idonsa muke faɗa, mu yi ta ƙunshe dariya idan ya gifta.

To ga abin da ya faru a 2013. Bayan shekara 14 ba sabon littafi, jaridar Sunday Times ta buga wani yanki na littafi na uku, Mad About the Boy, kafin ya fito kasuwa a watan Oktoba. Masu karatu suka buɗe jarida suka tarar da Bridget tana da shekara 51, da yara biyu, Billy da Mabel, mijinta Mark ya rasu shekara biyar da suka wuce. Motar da yake ciki ce ta taka nakiya a Darfur. Sai ga ta tana koyon Twitter, tana ƙirga masu bibiyarta, tana soyayya da wani saurayi, Roxster, wanda ta girme wa da shekara ashirin da wani abu. Aka yi ca. Kafofin labarai suka ɗauki zancen kamar mutumin gaske ne ya mutu. Wasu suka rantse ba za su saya ba. Masu sharhi a jaridu suka rabu: wannan ya ce Bridget ta tsufa ba ta girma ba, wancan ya ce marubuciyar ba ta taɓa rubuta abin da ya taɓa zuciya kamar wannan ba. Duk da hayaniyar, ko kuma saboda ita, littafin ya hau saman jerin waɗanda aka fi saye a Birtaniya. Har wani abin dariya ya auku a wajen ɗab'i: wasu kwafe suka fito da shafuka daga tarihin rayuwar ɗan wasan nan David Jason a tsakiyarsu. Da na ba aminiyata wannan labari sai ta ce ai waɗanda suka samu irin waɗannan kwafe su ne masu sa'a.

Hujjarta ba ta wasa ba ce, kuma na daɗe ban ba ta haƙƙinta ba. Cewa take labarin soyayya mai ban dariya alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu. Na ba ki lokacina da kuɗina, na yarda ki wahalar da mutanen nan biyu, ki raba su, ki sa su yi wa juna mummunar fahimta, bisa sharaɗi ɗaya: a ƙarshe ki haɗa su ki ƙyale su. Wanda ke son kuka ya san shagon da ake sayar da shi. Abin da ya fi ƙona mata rai kuwa shi ne, littafi biyu cur aka yi ana neman aure, amma auren kansa ba a nuna mana ba. Ba mu ga Mark yana goyon jariri ba, ba mu ga sun yi faɗa a kan kuɗin cefane sun shirya ba. An rufe ƙofa suna masoya, an buɗe yana kabari. Ta ce, "Kamar a gayyace ki biki ne, ki sha ɗinki, ki iso ki tarar ana zaman makoki." A lokacin shekarunta 33, ba ta yi aure ba, gwaggonninta sun daina tambaya sun koma yi mata addu'a da ƙarfi a gaban mutane, wanda ya fi tambayar ciwo. Ban haɗa waɗannan abubuwa biyu ba sai daga baya.

Ni sai a 2015 na karanta, da wani ɗan uwa ya dawo daga Faransa ya riƙo mini fassarar, Folle de lui. Kashe Mark bai dame ni ba. Na ma ga dalilinsa. Duk dariyar Bridget ta mace ce da ke fafutuka ita kaɗai. Idan aka ba ta miji nagari da zaman lafiya, labari ya ƙare, don ba mai biyan kuɗi ya karanta shafi ɗari huɗu na mutane biyu suna jituwa. Hanya biyu ta rage wa marubuciyar: saki ko mutuwa. Idan Mark ya sake ta, ko ya bi wata, to littattafan farko biyu sun zama ƙarya. Mutuwa ce kaɗai za ta ɗauke shi ta bar shi da mutuncinsa. Na yi wa aminiyata wannan bayani ina jin kaina malama, ta ce in riƙe iliminna.

Nawa ƙorafin daban ne. Na farko, lissafin nan na kowace safiya. Abin da ya yi kyau a bakin mai shekara 32 sai na ga bai dace da mai 51 ba. Mace ta haifi biyu, ta binne miji, ta binne uba, amma har yanzu tana ƙirga saƙon waya nawa saurayi ya turo mata? Na biyu, kuɗi. Bridget ɗin da muka sani albashi take jira kamar kowa. Wannan kuwa Mark ya bar mata abin da ba za ta nemi aiki ba, ga mai reno, ga lakkol mai tsada, babbar damuwarta ita ce fim ɗin da take rubutawa daga wasan Hedda Gabler, wanda ta ɗauka na Chekhov ne alhali na Ibsen ne. Wannan kam na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma barkwancin kwarkwata da na tusa sun yi mini yawa.

Na uku shi ne Darfur, kuma shi ne wanda ban ga masu sharhin Turai sun tsaya a kansa ba. A wajenmu Darfur ba suna ba ne kawai a labaran rediyo. Ta nan kakanninmu suka bi da ƙafa da raƙuma zuwa aikin hajji, wasu suka yada zango a Sudan ba su dawo ba, zuriyarsu na can suna jin Hausa har yau. Tun 2003 yaƙi ke cin yankin, mutanensa na zube a sansanoni a gabashin Chadi, maƙwabciyarmu. A littafin kuwa wuri ne mai nisa da aka aika mutumin kirki ya mutu mutuwar da ta dace da shi, a rufe zancen a koma Landan. Don adalci, Fielding ba baƙuwar yankin ba ce. Ta yi aikin fina-finan neman agaji a Sudan a shekarun 1980, kuma littafinta na farko, Cause Celeb, na 1994, a sansanin ƴan gudun hijira a Afirka ya gudana. Na san da haka, amma abin bai daina sukata ba.

Yaya kuwa da na kai mata, ta karanta shafi kaɗan ta ajiye a kan kabad. Goyo gare ta a lokacin, ga aiki. Ta ce mu da ba mu da abin yi mu ci gaba da faɗa a kan mutumin takarda.

A 2017 mijinta ya rasu. Hatsarin mota ne, tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, yana hanyar zuwa ganin mahaifiyarsa. Ya bar mata yara uku, autan bai fara tafiya ba.

Na taho Yamai na zauna da ita. Ba zan ba da labarin kwanakin farko ba, duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san su. Abin da zan faɗa shi ne, a rana ta biyu ina share ɗakinta na ga littafin nan a inda ta ajiye shi shekara biyu da suka wuce, ƙura ta rufe shi. Jikina ya yi sanyi. Na tuna sunan da muke kiran marigayin, na tuna yadda na tsaya ina bayani da fahariya cewa mutuwa ce hanya mafi tsafta ga marubuci. Na ɗauke shi na cusa a ƙasan jakar kayana kamar wadda ta yi sata.

Bayan sadakar arba'in jama'a suka watse. Aka bar ni da gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta zo daga Mirriya don ta zauna da mai takaba. Gidan ya yi irin shirun da ya fi kuka nauyi. Wata huɗu da kwana goma ba kwana kaɗan ba ne ga macen da ta saba fita aiki kullum. Wani dare bayan isha'i, yara sun yi barci, Yaya ta ce, "Ina littafin nan da ke kan kabad?" Na ce wanne? Ta dube ni irin kallon da take mini tun ina ƙarama idan na ɗauki kayanta. Ta ce, "Kada ki maida ni yarinya. Na san abin da ke ciki. Ba ni."

Na ce, "Yaya, ba yanzu ba."

Ta ce, "Sai yaushe? In na warke?"

Na ɗauko na ba ta.

Da fitilar waya take karantawa, don kada haske ya tashi autan. Dare biyu ina jin ƙarar juya shafi da jan majina, ina kwance ina zagin kaina. A dare na uku, wajen ƙarfe ɗaya, sai na ji wani sauti da na ɗauka shessheƙa ce. Na tashi zaune. Ashe dariya ce. Ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba, abin ya ƙi tsayawa har ya ƙwace mata ya fito fili. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin rasuwar. Wajen kwarkwatar nan ta kai, wanda ni na ce ya yi yawa.

Gwaggo ta ji. Da safe ta same mu a tsakar gida, fuska a ɗaure. Ta ce mai takaba da ƙyaƙyata dariya tsakar dare, maƙwabta su ce me? Dangin miji su ji su ce me? Ni da saurin baki na ce addini kwalliya da turare da fita ba dalili da ɗaura aure ya hana mai takaba, ban taɓa jin an hana ta dariya ba. Gwaggo ta ce ba da ni take ba, kuma ita maza biyu ta binne, ba a littafi ta karanta takaba ba. Na yi shiru, don gaskiyarta ce. Ba mugunta ke sa ta ba. Ta san yadda bakin mutane ke bin bazawara, tana so ta tare wa ƴar ɗan uwanta tun kafin ya iso.

Yaya ba ta yi gardama ba, ta ba ta haƙuri. Da rana kuma, suna tsince shinkafa, Gwaggo da kanta ta tambaya wai me ke cikin littafin. Yaya ta ba ta labarin a tace, ta cire giyar da saurayin, ta ce wata mata ce mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, ta shekara huɗu da wani abu ba ta ko kalli wani namiji ba. Gwaggo ta ajiye faranti ta ce, "Shekara huɗu? Ba ta da dangi ne?"

Daga baya, da muka keɓe, na zayyana wa Yaya ƙorafe-ƙorafena, wataƙila don in wanke kaina. Ta amince da kusan duka. Zancen kuɗi ma ta fi ni zafi: ta ce ita Bridget an bar mata gida da mai reno, ita kuwa an bar mata ragowar bashin fili da kuɗin lakkol na yara biyu. Shafukan saurayin nan da yawa tsallake su ta yi, ta ce ba tarbiyyarta ba ce, ba kuma abin da take nema ba ne. Zancen Darfur ta ce ina da gaskiya, ko da yake ita a yanzu duk wata hanya da mota ke bi Darfur ce.

Amma da na zo kan lissafin safiya, sai ta girgiza kai. Ta jawo wani ƙaramin kaye daga ƙarƙashin matashi, irin na ƴan lakkol, ta buɗe mini. Kowane shafi kwanan wata ne da lambobi. Awa nawa ta yi barci. Sau nawa ta yi kuka, da sau nawa a gaban yara. Loma nawa ta iya haɗiyewa. Kwana nawa suka rage a takaba. Tun ranar sadakar bakwai ta fara, kafin ta taɓa littafin. Ta ce, "Ke kin ɗauka yarinta ce. Wanda ƙasa ta zame masa, duk abin da hannunsa ya kama riƙewa yake. Lamba ba ta canzawa in kin juya baya."

Ban sami abin cewa ba. Shekara biyu ina ɗauke da wannan hukunci a kan littafin, ina jin na fi masu kukan Mark Darcy zurfin karatu, ashe ni ma abin da na sani kawai na karanta.

Ta ce abin da littafin ya gane shi ne baƙin ciki ba ya zuwa a jere kamar yadda masu ta'aziyya ke zato. Ba ya hana yaro ɓatar da takalmi ɗaya da safe, ba ya hana gawayi ƙarewa. Kina tsakiyar neman takalmin zai zo ya tsaya miki a maƙogwaro, ki haɗiye, ki ci gaba da nema don an kusa rufe ƙofar lakkol. Abin dariya ma bai daina faruwa don an yi mutuwa. Sai ta ba ni labarin da ba ta ba kowa ba. Ranar sadakar uku, gida cike, wata babbar mace daga dangin mijin ta ɗauki autan tana jiniya tana cewa maraya, maraya, yaron kuwa ya saki mata zawo a kan sabon leshi. Matar ta rasa yadda za ta yi, kuka ko ihu. Yaya ta ce dariya ta taso mata, ta ɗaga kai da sauri tana neman idon mutum ɗaya da ta san za su haɗa ido ya kau da kai yana danne tasa. Ta ce, "A nan na san ya mutu. Ba ranar da aka kawo gawa ba."

Aminiyata ta zo ta'aziyya tun farko, ta kuma ci gaba da zuwa duk Lahadi da kwanon abinci. Da ta ga littafin a gefen gadon Yaya sai ta harare ni, a zatonta ni na kawo wannan rashin hankali. Na ɗauka abin da ya faru zai sauya mata ra'ayi, in samu in ce ga shi, littafin ya yi amfani. Sai ma ya ƙara mata tauri. Ta ce, "Ai shi ya sa. Duniya na kashe mazan kirki ba tare da taimakon marubuci ba. Ga shi mun gani. Wuri ɗaya na ajiye inda ba a mutuwa, nan ma sai da aka biyo ni." Ta faɗa muryarta na rawa, don ita ma ta ci abincin gidan nan shekara da shekaru, ita ma ya taɓa kai ta tasha da asuba bai ce mata uffan ba.

Na jira Yaya ta ba ta amsa. Sai Yaya ta ce, "Kina da gaskiya. Kada ki karanta."

Ba ta karanta ba har yau. A 2016 Fielding ta fitar da wani littafin, Bridget Jones's Baby, wanda ya koma baya zuwa lokacin da Bridget ke da cikin fari, Mark na raye. Wannan aminiyata ta saya, ta karanta sau biyu, kuma a wajenta nan labarin ya tsaya. Idan aka ce mata ai a jerin shekarun labarin wancan ne na ƙarshe, sai ta ce kowa da inda ya sauka a mota. Ta yi aure tana da shekara 38, ga ƴarta ɗaya, mijin kuwa surutu gare shi kamar rediyo.

Yaya ba ta sake aure ba. Manema sun zo tun kafin ta wanke kayan takaba, Gwaggo ta yi ta kai gwauro ta kai mari, har ta gaji ta ce ashe Baturiyar nan ce ta ɓata ta. A littafin, Bridget ta ƙare da wani malamin lakkol ɗin ɗanta, Mista Wallaker, wani miskilin shi ma. Na taɓa tsokanar Yaya da cewa ta riƙa duba malaman su yaran da kyau. Ta jefe ni da murfin kwano.

A watan Fabrairu na 2025 aka fitar da fim ɗin littafin na uku. Renée Zellweger ta dawo a Bridget, Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa ƴan Najeriya ne, ya fito a malamin. Da ƙaramar Sallah muka haɗu a Yamai, babbar ƴar Yaya, wadda yanzu ita ke jami'a, ta samo mana shi ta haɗa da talabijin. Aminiyata ta ce ita ba da ita ba, ta karɓi aikin miya ta shige kicin. Muka zauna ni da Yaya da yarinyar.

Ba a daɗe da farawa ba sai ga Colin Firth, wanda ke fitowa a Mark tun 2001, ya bayyana na ɗan lokaci, irin ganin da mai kewa ke yi wa wanda ya tafi. Na saci kallon Yaya. Idonta a bushe yake. Wadda na gani a bakin ƙofa ita ce aminiyata, ludayi a hannu, ta jingina da bango tana cewa gishiri ta zo tambaya.

Yaya ba ta ɗauke ido daga talabijin ba ta ce, "Kun san ya sani?"

Muka ce wa ya san me?

Ta ce bayan ta fita takaba ne ta samu ƙarfin zuciyar sa wa wayarsa caji, wadda aka kawo mata cikin leda tare da agogonsa da hularsa. Gilashin ya tsage amma ta kama. Tana neman lambar wani da ake bin sa bashi, sai ta ga kiran ƙarshe da ya yi a safiyar ranar. Lambarta ce. Bai rubuta sunanta ba, bai rubuta uwar wane ba. Birjit ya rubuta, da irin rubutunsa.

Yarinyar ta tsayar da fim ɗin tana tambayar wace ce Birjit, me ake ɓoye mata. Ba wanda ya amsa. Aminiyata ta zame ta zauna a bakin ƙofar, ludayin a cinyarta, muka yi ta zama a haka har sai da ƙaurin miya ya iso falo, ta zabura tana salati ta yi kicin da gudu.